Gonar da Ba Ta da Takarda: Rikicin Diyyar Bakolori a Ma'aunin Fiƙihun Rubuta Haƙƙoƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin taƙaddamar diyya da ta biyo bayan gina madatsar ruwa ta Bakolori tsakanin 1974 da 1980, a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ta auna yadda aka rubuta haƙƙoƙin manoma a wancan aiki da ƙa'idojin da ayar bashi ta shimfiɗa, da kuma abin da malaman Malikiyya suka gina a kanta. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, haƙƙin da ya dogara ga shaidar maƙwabta da alamomin iyaka kaɗai yana cikin haɗari duk ranar da aka tarwatsa maƙwabtan aka kuma share alamomin, musamman idan takardar da ta rage tana hannun wanda ake bi.

Gabatarwa

A ƙarshen watan Afrilu na 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin noman rani na Bakolori, wanda a lokacin yake cikin Jihar Sakkwato. Adadin mamatan da hukuma ta bayyana bai kai 30 ba, alhali wanda 'yan adawa da wasu masu bincike suka riƙa ambata ya haura 380. Wannan tazara mai faɗi ita kanta shaida ce a kan halin da rubutu yake ciki a wannan lamari, domin har waɗanda suka rasa rayukansu ba a samu rajista ɗaya da ɓangarori suka yarda da ita a kansu ba.

Kafin a kai ga zubar da jini, an yi shekaru ana jayayya a kan tambayoyin da kowane alƙalin karkara ya saba ji. Wa ke da wannan gona? Mene ne girmanta? Itatuwa nawa ne a cikinta? Nawa aka ƙiyasta, kuma wa ya karɓa? Masana irin su Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da William Adams, sun yi nazarin rikicin ta fuskar siyasar tattalin arziki da tsara ayyukan raya karkara, a rubuce-rubucen da suka fito a 1985 da 1988. Akwai buƙatar a dube shi ta fuskar fiƙihu, saboda mutanen da abin ya shafa Musulmi ne, a ƙasar da aka daɗe ana karanta littattafan hukunci, kuma Shari'a tana da tsari cikakke a kan yadda ake rubuta haƙƙi tun kafin a yi saɓani.

Matsayin Rubuta Haƙƙi a Shari'a

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya yi nazarinta zai ga ta raba aikin tsakanin mutane daban-daban. Akwai marubuci, wanda aka ɗora wa adalci tsakanin ɓangarorin biyu. Akwai wanda ake bi, kuma shi aka ba aikin yin shifta, tare da gargaɗin kada ya tauye komai. Idan mai rauni ne ko ba ya iya yin shiftar, waliyyinsa ke tsaya masa. Sannan akwai shaidu, waɗanda aka hana su noƙewa idan an kira su. Ayar ta hana ƙosawa da rubuta ƙaramin haƙƙi ko babba, ta hana cutar da marubuci da mai shaida, ta kuma bayyana hikimar abin da cewa shi ya fi tsayar da shaida, ya fi kore shakka.

Malamai sun yi saɓani a kan ko umarnin na wajibci ne ko na mustahabbanci. Jumhur sun tafi a kan mustahabbi ne, sun kafa hujja da ayar da ke biye, wadda ta buɗe ƙofar amincewa tsakanin masu mu'amala. Imam Ɗabari ya zaɓi wajibci. Ko da an ɗauki ra'ayin jumhur, abin lura shi ne sassaucin ya rataya ne a kan samuwar amana tsakanin mutane biyu da suka san juna. Idan ɗaya ɓangaren hukuma ce mai ma'aikata da ake sauyawa, ɗayan kuma dubban talakawa ne, to dalilin sassaucin ya yi rauni ƙwarai.

Sunna ta zo da aiki a kan haka. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sa an rubuta wa Adda'u ɗan Khalid takardar cinikin da suka yi. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya jinkirta rubuta ta. A zamanin Sayyidina Umar, lokacin da za a ɗora harajin ƙasa a kan gonakin Iraƙi, sai da aka tura Usman ɗan Hunaif da Huzaifa ɗan Yaman suka auna ƙasar tukuna. Awo ya rigayi hukunci.

Ilimin Wasa'iƙ da Isowarsa Ƙasar Hausa

Daga wannan tushe ne wani fanni mai zaman kansa ya tsiro, wanda ake kira ilimin shuruɗɗa ko ilimin wasa'iƙ, wato sanin yadda ake tsara takardun hujja ta yadda ba za su karye a gaban alƙali ba. A mazhabar Hanafiyya, Imam Ɗahawi, wanda ya rasu a 321 bayan Hijira, ya yi fice a ciki. A Malikiyya kuwa malaman Andalus da Magrib ne suka riƙe tutarsa: Ibnul Aɗɗar (ya rasu a 399) mai littafin wasa'iƙ da sijillai, da Ibn Mugis na Ɗulaiɗula (459) mai Al-Muƙni'i, da Wansharisi (914) mai Al-Manhajul Fa'iƙ. Ibn Farhun (799) ya tattauna hukunce-hukuncen marubuta hujja a Tabsiratul Hukkam, Ibn Asim na Garnaɗa (829) kuma ya tsara Tuhfatul Hukkam, wadda har yau alƙalan Arewacin Nijeriya ke kafa hujja da ita.

Waɗannan malamai sun damu da abubuwan da mai gaggawa zai ɗauka ƙanana ne. Sun so a rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da abin da zai bambanta shi da mai irin sunansa. Sun so a ambaci iyakokin fili ta fuskoki huɗu, a rubuta kwanan wata, a bayyana adadin kuɗi ta yadda ba za a iya ƙara harafi ko a goge ba, a kuma yi bayanin duk wani gyara da aka yi a jikin takardar kafin shaidu su sa hannu. Asali a wurinsu shi ne takarda tana samun ƙarfinta daga shaidun da suka tsaya mata, amma Malikiyya sun yarda da shaida a kan rubutun hannu a lamuran dukiya, ta yadda mutuwar mai shaida ko nisansa ba sa kashe haƙƙi.

Shugabannin jihadi sun gaji wannan ilimi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam a Kano wajen 1806 domin shiryar da masu mulki da alƙalai, ya kuma keɓe wani ɗan littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓantuwa da ƙasa. Bayan zuwan Turawa aka wajabta wa kotunan alƙalai ajiye littafin shari'u. Bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, sun nuna ana rubuta ƙararrakin gonaki da gidaje da Larabci. Sai dai wannan rubutu ya fi shafar abin da ya riga ya zama ƙara. Gonar da ba a taɓa jayayya a kanta ba, galibi ba ta shiga kowane littafi.

Yadda Ake Riƙe Gona Kafin Madatsa

A kwarin Gulbin Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, manomi kan haɗa gonar tudu ta gero da dawa da ɗan yankin fadama na shinkafa da kayan rani. Hanyoyin riƙe gona suna da yawa: gado, da saye, da kyauta, da aro, da jingina, da haya. Gandu guda kan ƙunshi haƙƙin 'yan'uwa da dama da ba su raba gado ba, har da mata waɗanda rabonsu ke hannun 'yan'uwansu maza. Itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro kan kasance da masu su, wani lokaci ma daban da mai gonar. Iyaka kuwa ana gane ta da layin gamba, ko wata bishiya, ko suri, ko turba.

Wannan tsari yana da rajistarsa, amma a ƙirazan mutane take. Mai unguwa da dagaci da liman da maƙwabtan iyaka huɗu sun san wanda ya sare daji, da wanda ya ba da jingina, da kuma nawa aka karɓa. Fiƙihu ya amince da irin wannan sani. Shaidar adilai biyu tana tabbatar da mallaka. Hauzi, wato riƙe fili ana amfani da shi shekara 10 a gaban wanda ba ɗan'uwa ba, yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, yana toshe ƙararsa a mazhabar Malik. Shaidar ji, wadda ta yaɗu tsakanin amintattu, ana karɓarta a tsofaffin mallaka. Saboda haka manomin Bakura ko Maradun da ba shi da takarda yana da hujjar da alƙali zai saurara. Amma hujjar tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: zaman jama'a wuri ɗaya, da wanzuwar alamomin ƙasa. Aikin Bakolori ya taɓa duka biyun a lokaci guda.

Aikin Bakolori

Tunanin tare Gulbin Sakkwato ya samo asali daga binciken da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a shekarun 1960. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuɗin man fetur da suka shigo sun gaggauta shi. A 1973 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka fara aiki a 1974, aka kammala madatsar a 1978. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Filin ban ruwa da aka shimfiɗa a ƙasanta ya kai kimanin hekta 23,000, wani sashe na feshi, wani na kwararo.

Mutanen da abin ya shafa sun kasu uku. Na farko su ne na ɓangaren Maradun waɗanda ruwa ya cinye gidajensu da gonakinsu, fiye da mutum 12,000, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu mai ƙarancin albarka. Na biyu su ne manoman Talata Mafara da Bakura da ke cikin filin ban ruwa. Su ba a ce an raba su da ƙasarsu har abada ba. An karɓe ta ne domin a sare itatuwa, a baje, a haƙa hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa gwargwadon abin da yake da shi bayan an cire abin da hanyoyi suka ci. Na uku su ne manoman fadama da masunta na can ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar shekara-shekara da suke noman shinkafa da ita ta ragu. Adams ya nuna yadda da yawansu suka koma shuka gero da dawa a inda da shinkafa ake yi, noman rani ya ja baya, kamun kifi ma ya ragu.

A tsakiyar aikin ne, a watan Maris na 1978, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Dokar ta ba da damar soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, ta kuma taƙaita diyya a kan abin da mutum ya inganta ƙasar da shi, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Wannan ya ƙara wa ƙidaya nauyi. Tun da ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, to duk abin da manomi zai samu ya rataya a kan adadin bishiyoyi da amfanin da aka rubuta masa kafin katafila ta shiga.

Inda Rubutun Ya Gaza

Koke-koken da masu bincike suka tattara daga manoma suna komawa ga wurare huɗu.

Na farko shi ne tantance mai haƙƙi. Rajistar da ke neman suna ɗaya a kan kowane fili ba ta da gurbin da za ta sa mai jingina da wanda ya jinginar, ko magada biyar da ke gandu ɗaya, ko mai bishiyar da ke cikin gonar wani. Wanda ya tafi cin rani lokacin da masu awo suka zo, sai abin da wani ya faɗa a bayansa. A ƙasar da sunaye ke yawan maimaituwa, suna ba tare da nasaba da laƙabi da unguwa ba ƙofa ce ta ruɗani, kuma ita ce ƙofar da malaman wasa'iƙ suka yi ƙoƙarin toshewa tun ƙarni na huɗu na Hijira.

Na biyu shi ne gushewar alamomi. Da zarar an tumɓuke bishiyoyi an baje ƙasa, babu sauran abin da mai shaida zai nuna da yatsa. Manomin da ya ce gonarsa ta fi abin da aka rubuta, ko ɗorawarsa ta fi adadin da aka ƙirga, ya zama mai da'awa, kuma ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa. Hujjar tasa kuwa ita ce aka share.

Na uku shi ne asarar damina. An hana manoma da yawa shuka yayin da ake aiki a filayensu, wasu fiye da damina ɗaya, kuma mayar da filayen ya yi jinkiri. Diyyar amfanin da ba a noma ba bashi ne da ke ƙaruwa kowace shekara, irin wanda ayar ta yi umarni a rubuta shi da ajalinsa. Rashin ajali sananne ya mayar da alkawari abin jira marar iyaka, ga kuma iyali suna neman abinci.

Na huɗu shi ne biyan kuɗin kansa. An yi ƙorafin cewa kuɗi sun tafi ga waɗanda ba su da gona, wasu masu gona kuma ba su ga sunayensu ba, wasu sun karɓi ƙasa da abin da suke tsammani ba tare da sanin yadda aka yi lissafin ba. Mutanen ƙasa da madatsar kuwa ba su shiga lissafin diyya ba tun farko, saboda ba a karɓi ƙasarsu ba, ruwanta kawai aka tare.

Idan aka ɗora wannan a kan tsarin ayar bashi, za a ga inda gizo ke saƙa. Ayar ta raba aiki tsakanin wanda ake bi, da marubuci adili, da shaidu. A Bakolori hukuma ce ake bi, ma'aikatanta ne marubuta, a ofishinta ake ajiye rajista, kuma gare ta ake kai kuka. Ayar ta sa wanda ake bi ya yi shifta ne domin furucinsa ya zama iƙirarin da zai ɗaure shi a gaban mai haƙƙi da shaidu. Idan shi kaɗai ya rubuta, shi kaɗai ya ajiye, to rubutun ya daina ɗaure shi. Manoman kuma, waɗanda da yawansu ke karanta ajami amma ba sa karanta takardun Turanci, sun fi kama da mai raunin da ayar ta ce a tsayar masa da wanda zai kula da haƙƙinsa.

Da mulkin farar hula ya dawo a ranar 1 ga Oktoba 1979, Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamnan Sakkwato, manoma suka sa ran za a saurare su. An yi alkawura, biya bai kammala ba, suka tare hanyoyin aikin suka tsayar da shi, har abin ya ƙare da abin da ya faru a watan Afrilu. Ba daidai ba ne a ce rashin takarda kaɗai ya jawo kisan, domin wanda ya ba da umarnin harbi da wanda ya harba suna da alhakinsu, kuma jinin Musulmi ba ya halatta saboda taƙaddamar dukiya. Amma rashin rubutun da ɓangarori biyu suka yarda da shi ya rufe hanyar sulhu, saboda babu ma'aunin da za a koma gare shi a ce ga abin da aka biya, ga abin da ya rage.

Karɓar Ƙasa Domin Maslaha

Shari'a ba ta hana shugaba karɓar mallakar mutum saboda maslahar jama'a ba. Azraƙi ya kawo a tarihin Makka cewa Sayyidina Umar, da zai faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17, ya sayi gidajen da ke kewaye. Waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe nasu, ya ajiye kuɗinsu a taskar Ka'aba har suka zo suka karɓa. Abin lura a ƙissar shi ne an san gidan kowa, an san ƙimarsa, an kuma keɓe kuɗin da sunan mai shi.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta tattauna mas'alar a zamanta na huɗu a Jidda, a watan Fabrairu na 1988, ta fitar da ƙuduri mai lamba 29. Ta sharɗanta cewa diyya ta zama ta adalci kuma a biya nan take, masana su ƙiyasta ta kada ta gaza ƙimar kasuwa, mai karɓar ya zama shugaba ko wakilinsa, maslahar ta zama ta jama'a wadda lalura ko buƙata ta gama-gari ta kira zuwa gare ta, kuma kada a karkatar da filin zuwa neman riba. Babu ɗaya daga sharuɗɗan diyya da zai tabbata sai da rubutu. Ba a sanin adalcin ƙima sai an san abin da aka ƙiyasta, ba a kuma sanin an biya sai da shaidar karɓa. Ƙa'idar usulu ta ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A kan haka, saɓanin da aka ambata tsakanin jumhur da Ɗabari ba ya shafar hukuma mai karɓar gonakin talakawa. Rubutu bayyananne, wanda mai haƙƙi ke riƙe da kwafinsa, wajibi ne a kanta.

Abin da Ya Shafi Yau

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma a ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da faɗaɗa aiki da Shari'a a Gusau. Hankalin duniya ya tafi ga haddi, alhali yawancin abin da ke cika kotunan Shari'a gado ne da gona da bashi da aure. Daga 2014 kuma Bakolori ta shiga cikin shirin gyaran ayyukan ban ruwa da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya sake taso da batun rajistar manoma da filayensu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne halin da rashin tsaro ya jefa karkarar Zamfara. Ƙauyuka da dama a waɗannan ƙananan hukumomi uku sun watse, gonaki sun yi shekaru ba a noma ba, dattawan da suka san iyakoki wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira a garuruwa daban-daban. Ƙafafu biyun da hujjar manomi ke tsaye a kansu sun sake girgiza. Fiƙihu ya ba da kariya a nan, domin hauzi ba ya gudana a kan wanda ba ya nan, ko wanda tsoron mai ƙarfi ya hana shi magana. Amma ranar da za a koma gida, mai gona zai buƙaci ya tabbatar da cewa tasa ce tun asali, da lokacin da ya bar ta, da dalilin barinta.

Saboda haka aikin da ke gaban malamai da limamai da ɗalibai a bayyane yake. Kowane magidanci da ya bar gonarsa ya kamata a rubuta masa takarda tun shaidunsa suna raye, da Hausar boko ko ajami, wadda shi da kansa zai iya karantawa ko a karanta masa ya gane. Ta ƙunshi cikakken sunansa da na mahaifinsa da kakansa, da wurin gonar, da maƙwabtanta gabas da yamma da kudu da arewa, da hanyar da ta zo hannunsa, da itatuwan da ke ciki, da duk wani aro ko jingina da ke kanta, da rabon mata da marayu idan gado ne da ba a raba ba. A sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, shaidu su sa hannu ko su dangwala, a yi kwafi fiye da ɗaya, a kai wa hakimi ko kotu domin tabbatarwa, a kuma ɗauki hotonta a waya. Duk wanda hukuma ko kamfani ya yi wa alkawarin diyya, ya rubuta ranar da aka zo, da abin da aka ƙirga a gabansa, da abin da aka ce za a biya da lokacinsa, kuma kada ya dangwala a kan takardar da ba a karanta masa ba. Ayar ta hana wanda Allah Ya sanar da shi rubutu ya ƙi rubutawa, kuma ɗaliban jami'o'in Musulunci suna cikin waɗanda wannan hani ya fi kusa da su.

Kammalawa

Tarihin Bakolori ya nuna cewa manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da haƙƙi tabbatacce a Shari'a, amma hanyar tabbatar da shi ta rushe tare da bishiyoyi da ƙauyukan da aka tayar, rubutun da ya maye gurbinta kuma yana hannun ɓangare ɗaya. Takarda ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Hadisin Ummu Salama ya yi gargaɗin cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya tsara hujja, yanki ne na wuta aka ba shi, kuma wannan ya haɗa da mai cusa suna a rajistar diyya. Amfanin rubutun adalci shi ne ya tsaya wa mai rauni a ranar da shaidunsa ba sa nan. Malaman wasa'iƙ sun bar hanyar yin sa dalla-dalla, kuma littattafansu suna cikin manhajar da ake karantarwa. Abin da ya rage shi ne a fitar da babin daga aji zuwa zauren mai unguwa da sansanin 'yan gudun hijira, tun waɗanda suka san iyakoki suna da rai. Allah ne Mafi sani.